Kafin Yaro Ya Raɗa Wa Zomonsa Suna, Uwargida Ki Saurara

A watan Agusta na shekarar 2016 'yan sanda a garin Sango Ota na jihar Ogun, can kudancin Najeriya, suka kama wani ɗan kasuwa suka tsare. Ba sata ya yi ba, ba kuma kayan haram aka same shi da su ba. Laifinsa shi ne ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta sunan a jikin karen, sannan ya ja shi ya ratsa unguwar da 'yan Arewa suka fi yawa. A lokacin marigayi Muhammadu Buhari ne shugaban ƙasar, shi ya sa labarin ya zagaya duniya cikin 'yan kwanaki. Mutumin ya ce shi don ƙaunar shugaban ya yi. Maƙwabcin da ya kai ƙara kuwa ya ce sunan mahaifinsa ne aka liƙa wa kare don a ci masa mutunci. Aka gurfanar da mai karen gaban kotu bisa zargin aikata abin da ka iya tayar da fitina, aka ba da belinsa a kan Naira 50,000, kuma sai a shekarar 2017 kotu ta kori ƙarar. Kusan shekara guda ke nan mutum yana barin rumfarsa yana zarya kotu, a kan kalma ɗaya tak.

Na kawo wannan labari ne saboda abin da ke faruwa a gidajenmu na nan arewacin jihar Agadas, daga Arlit da Akokan har zuwa Assamaka a bakin iyakar Aljeriya. Uba zai dawo daga tafiya da zomo a cikin kwali ya miƙa wa yara, ko kuwa uwargida ta sayi mace da namiji da nufin ta riƙa samun na cefane. Kafin a nemo masa akurki, kafin ma a san abin da zai ci, yara sun riga sun fara gardamar sunan da za a kira shi. Manya kan yi dariya su bar su, wai ai wasan yara ne. To, ni dai a ganina wannan wasa ne da ya kamata babba ya sa kunne a cikinsa, domin yaran ne ke raɗa sunan, amma ke ce za ki amsa tambaya idan maƙwabciya ta shigo da mayafi a kafaɗa.

Sa wa dabba suna ba baƙon abu ne a wurinmu ba, kada wani ya ce kwaikwayon Nasara ne. Masu dawaki sun daɗe suna kiran dabbobinsu da launinsu: Kili, Akawal, Bidi, Danda, Gunya, Hurde. Masu jakuna na da Aura da Duna da Goho. Malamai kuma sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Ƙaswa, da alfadari mai suna Duldul, da jaki mai suna Ufair. Shi kansa zomo an ambace shi a hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka kama shi a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzo da cinyoyinsa, ya kuma karɓa. Saboda haka a wurin mafi yawan malamai babu ja a kan cin namansa, babu kuma laifi a kiwata shi a kira shi da suna. Abin lura kawai shi ne, duk sunayen nan da na jero babu ko ɗaya da yake sunan yanka na ɗan Adam. Siffa ce ko launi. Magabata sun san abin da suke gudu.

Wane zomo ma ake magana?

Kafin mu yi nisa, akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Zomon da ke cikin tatsuniyoyi da karin maganarmu, wanda aka ce ba ya kamuwa daga zaune, wanda ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, zomon daji ne. Shi ne mai dogayen ƙafafu da ke kwana a gindin kalgo ko sabara, yana haihuwar 'ya'yansa da gashi, idonsu a buɗe, kuma ba ya zama a gida ko an tsare shi. Abzinawa na kiransa tamarwalt, kalmar da ta fito daga tushen da ke nufin gudu, wato dai maguji. Zabarmawa na cewa tobay, Larabawa na cewa arnab.

Wanda ake kawo mana cikin kwali kuwa wani jinsi ne daban. Asalinsa ƙasar Spain da Portugal da kudancin Faransa, yana tona rami ya zauna, 'ya'yansa kuma ana haifarsu tsirara, makafi, sai bayan kamar kwana 10 suke buɗe ido. Farin nan mai jan ido da aka fi gani a kasuwa, wanda masu kiwo ke kira New Zealand, a Amurka aka samar da irinsa duk da sunan da yake ɗauke da shi. Ka ga tun daga nan ma suna ya fara yaudara. Zomon gida da na daji ba sa barbarar juna su haihu, don haka mai cewa zai haɗa su ya samu iri mai jure zafi yana ɓata lokacinsa ne.

Dalilin da ya sa mata suka fara waiwayar wannan kiwo a garuruwan ma'adinai ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Cominak na Akokan, wanda ya fara fitar da uraniyom a 1978, ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ci a ƙarƙashin 'yan kwangila. Somair da ta fara aiki a 1971 ita ma ta shiga rikici tsakanin gwamnati da kamfanin Orano na Faransa, har gwamnati ta sanar da mayar da ita mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Duk mai sayar da tumatir ko atamfa a kasuwar Arlit ta san abin da ke faruwa da ciniki idan albashin ma'aikata ya yi tangal-tangal. Zomanya kuwa cikinta wata ɗaya ne, kwana 30 zuwa 32, takan haifi 6 ko 8 a ciki ɗaya, kuma a wata 3 zuwa 4 ɗan ya isa yanka. Ba ta neman makiyayi, ba ta shiga gonar kowa. Idan ana son a san iyakar yawan haihuwar wannan dabba, a tambayi mutanen Ostireliya: a 1859 wani Bature ya saki guda 24 a gonarsa don farauta, kafin shekara 50 sun mamaye yawancin ƙasar har gwamnati ta shiga kafa shingen waya na dubban kilomita.

Inda sunan ke zama tarko

Tarko na farko yana cikin gida, shi ne alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta da surukarta, da yawa ma ba sa faɗin na ɗan fari. Shi ya sa idan aka mayar wa yaro sunan kakansa sai a koma kiransa Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Inna ko Iya. Yaro ɗan shekara 6 bai san wannan lissafi ba. Zai ga zomonsa ya zo ranar Alhamis ya ce Lami, ko ranar Lahadi ya ce Ladi, alhali Ladi ita ce yayar mijinki da ke zuwa hutu daga Tawa. Ranar da ta sauka ta ji ana cewa a kori Ladi daga madafi ta cinye salati, ba yaron za ta riƙe a zuciya ba. Cewa za ta yi uwarsa ce ta kitsa masa. Sunayen rana irin su Talatu, Balaraba, Jummai, Asabe da Ɗanjuma suna da daɗin kira, gajeru ne, amma kowannensu yana da mai shi a cikin dangi ko a layinku. Ni shawarata a bar wa mutane kayansu.

Sunayen annabawa da sahabbai da duk sunan da ya haɗa da sunan Allah kuwa, wannan ba ya ma bukatar dogon bayani. A watan Nuwamban 2007 a birnin Khartum na Sudan, wata malamar makaranta 'yar Ingila ta bar ɗalibanta 'yan shekara 7 suka zaɓar wa wata 'yar tsana mai siffar dabba suna Muhammad. Yaran ne suka zaɓa, an ce ma sunan wani abokinsu na aji suka ɗauka. Amma malamar aka kama, kotu ta yanke mata kwana 15 a kurkuku, sai da shugaban ƙasar na lokacin Umar al-Bashir ya yi mata afuwa aka fitar da ita daga ƙasar. Yara suka yi zaɓi, babba ya biya.

Tarko na biyu shi ne habaici, kuma a nan sai 'yan uwana mata su yi mini haƙuri, don filinku ne. Kowa ya san yadda ake sa wa kyanwa ko akuya suna irin su Ba-ruwana, Sai-haƙuri, Ta-fi-su, Ku-gaji-ku-bari, ba don dabbar ba, sai don kishiya ko maƙwabciyar da ke bayan katanga ta ji ana kira safe da yamma. Masu sayar da atamfa sun fi kowa sanin wannan salo, domin zannuwan da ke fitowa daga kasuwar Lome da sunayensu suke zuwa: akwai wadda ake kira idon kishiya, akwai ka-fita-in-fita, akwai mai cewa mijina ya isa. Sai dai zane ana ɗaura shi a cire a ninke a saka a akwati. Zomon gida kuwa idan ya samu kulawa yakan yi shekara 8 har 10. Faɗan da ya sa kika raɗa masa Ta-fi-su zai iya mutuwa cikin mako biyu, ku shirya, ku koma adashe tare, amma yara ba za su daina kiran sunan ba, kuma duk kira ɗaya tamkar an fama tsohon gyambo ne. Mai sana'a da ke neman kowa ya tsaya a gaban tirenta ba ta da ribar da za ta ci a wannan.

Tarko na uku ya fi shafar Assamaka fiye da ko'ina. Wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne ƙarami a tsakiyar rairayi, kimanin kilomita 200 arewa da Arlit, inda jami'an duwan da jandarma ke duba motocin da ke shiga da fita tsakaninmu da In Gezzam ta Aljeriya. Ta nan dabino da taliya da madarar gari ke gangarowa kudu, ta nan dabbobi ke haurawa arewa. Ta nan kuma ake jibge mutanen da Aljeriya ta koro: ana sauke su a wurin da ake kira Point Zero su tako kilomita 15 a ƙasa kafin su iso gari, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 a shekarar 2024 kaɗai. Ke nan a layi ɗaya za ki iya samun Bahaushe da Ba'abzine da Balarabe da Batube, ga ɗan Mali, ga ɗan Gine, ga ɗan Najeriya, kowa da harshensa da abin da yake jin zafi a kai. Sunan da yake abin dariya a bakinki yana iya zama sunan uwar wani.

A nan ne wasan dangi ke iya rikiɗewa. Gaskiya ne muna alfahari da shi, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Babarbare zai iya kiran zomonsa Bafillace, Bazabarme ya kira nasa Bagobiri, a yi dariya a wuce, domin kowanne ya san abokin wasansa kuma ya san zai rama. Amma wasan yana da sharaɗi, sai tsakanin waɗanda suka gaje shi. Baƙon da ya kwana yana tafiya cikin rairayi, aka ƙwace masa waya da kuɗi, ya zo sayen shinkafa da wake a wurinki ya ji ana kiran dabba da sunan ƙabilarsa ko ƙasarsa, ba zai tsaya neman tarihin taubasantaka ba. Haka sunan shugabanni da 'yan siyasa da manyan sojoji. A garin da ke cike da masu kaki, ban ga dalilin da zai sa mai tuyar ƙosai ta jawo wa kanta tambayoyi saboda zomo ba.

Darasin Fulani

Idan kiwon na neman kuɗi ne, suna yana da wani aiki da ya wuce kira, kuma a nan babu malamin da ya kai Bafillace. Wodaɓe makiyaya, waɗanda ke haurowa yankin Ingal kowace shekara bayan damina don dabbobinsu su lashi gishiri, kowace saniya tasu tana da suna, kuma 'yar maraƙa sunan uwarta take gada. Da haka makiyayi ke riƙe tarihin garkensa a ka, ba takarda ba alƙalami: ya san wace zuriya ce mai nono, wace ce mai jure fari, wane bijimi ne bai kamata ya hau wace saniya ba.

Mai kiwon zomo ta fi makiyayi bukatar wannan dabara, domin abin da saniya ke yi a shekara 4 zomanya na yin sa a wata 6. Kika fara da mace biyu da namiji ɗaya, kafin shekara ta zagayo akurki ya cika da farare masu kama ɗaya, ba ki san uwa ba, ba ki san 'ya ba. Daga nan sai wa ya riƙa hawan ƙanwa, uba ya hau 'yarsa, 'ya'yan su fara fitowa ƙanana, marasa ƙwari, suna mutuwa tun ba a yaye su ba, a ce maita ce ko kambun baka. Alhali da an sa wa iyaye mata suna tun farko, a ce wannan gidan Toka ne, wancan gidan Kyalla ne, duk 'yar da aka bari don iri ta ɗauki sunan uwarta, da an san lokacin da ya kamata a musanya namiji da na wata mai kiwo a wata unguwa. Da suna ne kuma za ki gane wadda ke haihuwar 8 ta raya 8, da wadda ke watsar da 'ya'yanta ko ta cinye su, ki san wadda za ki riƙe da wadda za ta tafi kasuwa. Mai saye da ya san kiwo, idan ya ji kina iya faɗa masa uwar wannan da ubansa, ba zai taya miki da arha ba.

Amma fa iyayen garke kaɗai ake sa wa suna. Wanda aka ware don tukunya ko don sayarwa a bar shi haka nan. Duk uwar da ta taɓa yanka kazar da yaro ya saba da ita ta san daren da ta kwana. Zomo ya fi kaza shiga rai, yana da laushi, yana zuwa ya ci a hannu, kuma da zarar yaro ya kira shi da suna ya amsa, to ya tashi daga dukiya ya koma ɗan gida. Gara tun ranar farko a zaunar da yaron a gaya masa gaskiya: wannan ɗaya naka ne, ba za a taɓa shi ba, sauran na kasuwa ne. In kuma an yi alkawarin a cika, kada ranar da baƙo ya sauka a ce ai zomon ya gudu.

Shin yana ma jin sunan? Yana ji, amma ba kamar kare ba. Abin da yake riƙewa shi ne sautin da kuma abin da ke biyo bayansa. Idan sunan gajere ne, gaɓa biyu, kuma kullum da shi ake kira lokacin da za a ba shi ganyen salati ko karoti ko harawa, cikin 'yan makonni zai fara ɗago kunne ya taho. Idan kuwa yau Toka, gobe Tokatoka, jibi Ɗan-lele, ko kuma ana kiran sunan ne kawai lokacin da za a cafke shi, to zai koyi gudu ne. Sunaye irin su Fari, Toka, Duna, Auduga, Gajimare, Dabino, Tauraro, Kunnuwa, Wutsiya, duk sun isa, babu mai su a dangi, babu wanda zai ji haushi. Mai son na waje ya ɗauki Arnab ko Tamarwalt, ya ga ma yaro ya ƙaru da kalma ɗaya ta harshen maƙwabta.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sunan gaggawa a wannan yanki namu, shi ne zafi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, shi ya sa ma ba a ɗaga shi ta kunne kamar yadda ake yi a kasuwa, sai a tallabo ƙirji da gindi. Da zafi ya haura digiri 30 yakan rage ci, namiji ya rage ƙarfin barbara, idan ya kai 35 zuwa sama kuma yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi. Mu kuwa a Arlit da Assamaka daga watan Mayu zuwa Agusta 40 ba labari ba ne. Kejin kwano a tsakar gida tanda ce. Sai ɗaki na ƙasa mai iska, ko a bar shi ya tona rami a inuwa a kewaye wurin, a jiƙa buhu a rataya, a ajiye masa tulu mai sanyi ya jingina, ruwan sha kuma kada ya yanke. Masu haɗa akurki da tsofaffin ƙarafa a Arlit su san inda ƙarfen ya fito, domin tun a 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa suka gano ƙarafa masu gubar uraniyom ana sayarwa a garin, ƙungiyar Greenpeace ma ta sake samun irinsu a 2009. A Assamaka kuma, inda ganye ɗanye sai mota ta kawo daga garaken Arlit, mai niyyar kiwo ta fara shirya da direban da zai riƙa sauke mata buhun harawa da dusa kafin ta aika a sayo mata zomon.